Ɗan Manomi Ya Ce "Three Basket": An Bar Jaki Ana Dukan Taiki



Duk wanda ya taɓa zama ya duba takardun Turanci na ƙarshen zango, daga aji uku zuwa aji shida, ya san inda jan biro ya fi sauka. Yana sauka ne a kan harafi guda, wato "s". Wani yaro ya yar da shi inda ake nemansa, ya rubuta "three basket". Wata yarinya ta liƙa shi inda ba a gayyace shi ba, ta rubuta "childrens" da "informations". Da zarar sakamako ya fito, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A da mutum biyu ake kamawa: yaro, a ce daƙiƙi ne, da malami, a ce shi ma bai iya ba. Yanzu an ƙara na uku. An ce Hausa ce ta ɓata yaran, don haka a kore ta daga aji tun ranar farko.

Ina da jayayya da wannan hukunci, kuma da nahawu zan yi jayayyar, tun da a kan nahawu ake tuhumarmu. Ra'ayina shi ne, kusan kowane kuskuren tilo da jam'i da ɗan Bunkure yake yi a Turanci yana da asalin da za a iya nunawa da yatsa, kuma malamin da aka hana shi buɗe baki da Hausa an hana shi nuna wannan asali. Wanda ya ɗaure wa manomi hannu ba shi da bakin tambayar abin da ya sa ciyawa ta cinye gona.

Kada wani ya ɗauki maganar ƙarama don harafi ɗaya ake tattaunawa a kai. Da wuya a sami jimlar Turanci da ba ta da suna a cikinta, kuma idan adadin suna ya karkace, yakan ja aikatau da wakilin suna su karkace tare da shi. Kuskure ɗaya sai ya haifi uku a layi guda. Wannan yaro nan da 'yan shekaru zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, inda ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, sannan ya fuskanci JAMB, inda Turanci dole ne ga kowa, ko likita yake son zama ko injiniyan noma. Yarinyar da take iya lissafa ribar kwando arba'in na tumatir a ka, kafin dillalin Kwanar Gafan ya gama latsa waya, tana iya rasa gurbin karatu saboda abin da aka kasa warware mata a aji huɗu.

Dokar da ake rerawa

A yawancin azuzuwa darasin tilo da jam'i waƙa ne. Malami ya ce "boy", aji ya amsa "boys". Ya ce "girl", a amsa "girls". A gaya wa yara doka ɗaya ce, a ƙara "s", a tashi. Dokar gaskiya ce ga mafi yawan sunayen Turanci, sai dai rabin labari ce, kuma rabin da aka bari shi ne wanda jarrabawa ta fi tambaya.

Da farko, wannan "s" murya uku gare shi. A "cats" da "books" sautin s ake ji. A "bags" da "farms" sautin z ne. A "buses" da "boxes" da "churches" kuwa gaɓa guda ake ƙarawa, shi ya sa ake rubuta "es". Sunan da ya ƙare da "y" bayan baƙi yakan koma "ies", kamar "lorry" da "lorries", amma idan wasali ne ya gabaci "y" ɗin sai a bar shi yadda yake, kamar "donkey" da "donkeys". "Knife" takan koma "knives", "leaf" ta koma "leaves", amma "roof" da "chief" sun ƙi bin sahu, sai "roofs" da "chiefs". Tumatirin da muke nomawa "tomatoes" ne, dankali "potatoes", amma "radios" da "photos" ba su da wannan "e".

Sannan akwai tsofaffin siffofi da suka tsira daga Ingilishin da ake yi a Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce. A wancan zamani harshen yana da hanyoyin jam'i da dama. Sannu a hankali "s" ya mamaye fili, ya bar 'yan tsiraru irin su "men" da "feet" da "teeth" da "mice", waɗanda wasalinsu ne yake sauyawa, da "oxen" mai ƙarewa da "en". Ita "children" jam'i ce a kan jam'i: tsohuwar kalmar tana da nata jam'in mai ɗauke da "r", daga baya aka ɗora mata "en". Ke nan yaron da ya rubuta "childrens" abin da kakannin Turawa suka yi shi ma ya yi, sai dai ya zo a makare, an riga an rufe ƙofa. "Sheep" ba ta sauyawa ko tunkiya ɗaya ce ko garke. "Crisis" da "criterion" sun zo da jam'insu daga Girkanci, "crises" da "criteria". "Cattle" da "police" da "people" jam'i ne ba tare da "s" ba, alhali "news" da "mathematics" da "measles" suna ɗauke da "s" amma tilo ake ɗaukar su. A "mothers-in-law" kuma, "s" a tsakiyar kalma yake zama.

Wa zai iya shigar da wannan duka cikin kan ɗan shekara tara ta hanyar waƙa, cikin harshen da bai riga ya ji ba?

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Masu cewa 'ya'yanmu ba su da kan nahawu ba su taɓa tsayawa sun saurari ɗan shekara shida yana magana ba. Yaron da aka kawo aji ɗaya daga Barkum ko Gurjiya ya riga ya san gida da gidaje, gona da gonaki, kwando da kwanduna, rijiya da rijiyoyi, birni da birane, dutse da duwatsu. Ya san doki dawakai ne, akuya awaki, tunkiya tumaki, saniya shanu, mace mata. Ya san manomi manoma ne, Bakano Kanawa. A nan akwai ɗafa-ƙeya iri-iri, akwai ninka baƙi, akwai cusa wasali a cikin kalma, akwai sauya karin sauti. Masana nahawun Hausa, daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa babban littafin Paul Newman na shekarar 2000, sun sha aiki a kan wannan babi, domin jam'in Hausa ya fi na Turanci rassa nesa ba kusa ba. Yaron nan kuwa ba wanda ya taɓa rera masa doka, ba wanda ya doke shi a kai.

Bai tsaya ga hadda ba, har ƙirƙira yake yi. Baƙuwar kalma tana shigowa gari zai yanka mata jam'i daidai da tsarin harshe: mota motoci, keke kekuna, bokiti bokitai. A 1958 wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta gwada ƙananan yara masu Turanci da wata ƙirƙirarriyar kalma, "wug", wadda ba su taɓa ji ba. Yawancinsu suka ba da jam'inta daidai, abin da ya nuna doka ce a kansu. Amma gwajin ya nuna wani abu kuma: ko su 'ya'yan Turawan sun fi tuntuɓe a kan jam'in da yake ƙara gaɓa, irin na "es". Idan mai harshe yana buƙatar lokaci kafin wannan ya zauna masa, me ya sa muke kiran ɗan Kumurya daƙiƙi a zangonsa na biyu?

Wannan ilimi da yaro ya zo da shi jari ne. Da za a ce masa, "Ka san yadda saniya ta zama shanu ba saniyoyi ba? To haka 'man' ta zama 'men'," da ya gane cikin minti ɗaya cewa kowane harshe yana da 'yan tawayensa. Mai hana Hausa a aji yana cewa a zubar da wannan jari a bakin ƙofa, yaro ya shigo hannu biyu.

Inda kuskuren yake fitowa

Mu ɗauki kurakuran ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, "three basket" da "ten year". A Hausa, idan an ambaci adadi, suna yana iya zama a tilo: kwando uku, buhu hamsin, shekara goma, kwana bakwai. Hausa ce ingantacciya, domin lambar ta riga ta faɗi yawa. Turanci kuwa sai ya maimaita, lamba ta faɗa, suna ma ya faɗa. Yaron da ya rubuta "three basket" dokar harshensa ya bi sau da ƙafa. Abin da yake bukata a ce masa, "Bahaushe sau ɗaya yake faɗin yawa, Bature sau biyu." Bulala ba za ta faɗa masa haka ba, tarar naira hamsin ma ba za ta faɗa masa ba.

Na biyu a kunne yake. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma ba mu tara baƙaƙe a ƙarshen kalma. Shi ya sa "bench" ta zama benci, "bucket" ta zama bokiti, "cup" ta zama kofi. To ga "desks" da "tests", kowace da baƙi uku a jere a wutsiya. Harshen yaro yakan yar da na ƙarshe, kuma abin da baki bai furta ba, kunne bai ji ba, hannu ba zai rubuta ba. Maganin wannan horon baki ne, yaro ya faɗa malami ya ji, ɗaya bayan ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Kowannenmu ya san adadin da yake fuskanta kowace safiya, kuma ya san ko zai iya jin ƙarshen kalma daga bakin yaron da ke zaune a ƙasa can jikin bangon baya.

Na uku shi ne babba, wato sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa. Bahaushe yana da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, labari da labarai, kaya da kayayyaki, aiki da ayyuka. Saboda haka sai yaro, kai har da babban ma'aikaci, ya rubuta "advices" da "informations" da "furnitures" da "equipments" da "luggages" da "homeworks", ya kuma ce "the news are". Muna cewa kuɗina sun ƙare, domin kuɗi asalinsa jam'in wuri ne, amma Bature ya ce "money is". A ɗaya gefen, wando da almakashi tilo ne a wurinmu, Turanci kuwa "trousers" da "scissors" yake cewa. Kalmarmu "da yawa" tana ɗaukar mutane tana ɗaukar ruwa, Turanci ya raba, "many" ga masu ƙirguwa, "much" ga marasa ƙirguwa.

Abin da zai faranta wa malami rai shi ne, mabuɗin wannan babi yana nan a gonakinmu. Ba ɗan Bunkure da zai je kasuwa ya ce a ba shi "shinkafa uku". Zai ce buhu uku na shinkafa, ko kwano uku. Ya san akwai abin da ba a ƙirga shi sai ta ma'auni. Daga nan hanya a buɗe take zuwa "three bags of rice", daga can kuma zuwa "a piece of advice" da "two pieces of furniture". Sai a nuna masa inda harsunan biyu suka raba hanya: "rice" da "wheat" da "maize" da "millet" ba sa ɗaukar "s", amma "beans" da "groundnuts" da "onions" da "tomatoes" suna ɗauka, alhali mu wake da gyaɗa da albasa da tumatir duk da ma'auni muke ambaton su. Ba wata hikima a cikin wannan rabo, al'adar harshe ce kawai, kuma gaya wa yaro hakan yana cire masa tunanin cewa kansa ne ba ya ja.

Na huɗu, "s" na aikatau. An shekara ana gaya wa yaro "s" alamar yawa ce, sai ga "the boy works" da "the boys work". A Hausa muna cewa yaro yana aiki, yara suna aiki, yawa yana bin yawa. A Turanci, idan ana ba da labarin abin da wani ko wasu suka saba yi, "s" kujera ɗaya yake zama: in yana jikin suna ya bar aikatau, in yana jikin aikatau to sunan tilo ne. Wannan ruɗani sai an zauna an warware shi da harshen da yaro yake ji.

Akwai ma inda Hausa take ba da amsa kai tsaye. "One of my friend" kuskure ne da ake ji har a bakin manya. A tambayi kowane yaro: ɗaya daga cikin abokina ake cewa, ko ɗaya daga cikin abokaina? Dariya zai yi, domin ba a zaɓar ɗaya daga cikin ɗaya. Shi ke nan "one of my friends" ta zauna masa har abada.

Lissafin da bai fita ba

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, Turanci yana matsayin darasi. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, lokacin ministan ilimi Adamu Adamu, ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, Turanci ya zama harshen koyarwa tun daga tushe, kuma ya kafa hujja da yawan faɗuwa a manyan jarrabawa.

Mu malaman firamare ne, lissafi aikinmu ne. Firamare shekara shida ce, ƙaramar sakandare uku, babba uku. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ba zai ga takardar WAEC ba sai 2035. Ko wanda yake aji shida lokacin da aka amince da tsarin sai 2029 zai zauna ta. To yaya tsarin da bai yaye ɗalibi ko ɗaya zuwa zauren jarrabawa ba zai zama sanadin faɗuwa a cikinta? Kuma wane ne a cikinmu aka miƙa wa cikakken jerin littattafan Lissafi da Kimiyya na Hausa daga aji ɗaya zuwa shida a waɗannan shekaru uku? An yanke wa magani hukunci yana cikin kwalba ba a sha ba.

Inda aka sha shi kuwa, an ga aikinsa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa, da kulawa ta musamman. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. Mu ma a Arewa muna da namu tarihin. Makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, kuma makarantun elementare na wancan zamani da Hausa suke koyarwa, Turanci sai an yi gaba. Daga wannan tsari Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, malamin makaranta wanda ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, kuma Turancinsa ya zama abin misali har a ƙasashen waje.

Ba ma sai mun je nesa ba. A zaurukan malamanmu ana karanta Ajurrumiyya, malami yana fassara gaɓa-gaɓa da Hausa. Larabci yana da mufradi da musanna da jam'i, yana da karyayyen jam'i irin kitabu da kutubu. Ɗaruruwan shekaru ana koyon wannan da Hausa a ƙasar nan, an sami malamai masu rubuta littattafai da Larabci tsantsa. Ba mu taɓa jin malamin zaure ya ci almajiri tara don ya yi tambaya da Hausa ba.

Amsa ga masu suka

Wasu iyaye za su ce, ai harshe da ji ake koyonsa, gwargwadon yadda yaro ya ji Turanci gwargwadon yadda zai iya. Akwai gaskiya a nan, kuma ba wanda ya ce a rage darasin Turanci. A ƙara shi ma, a yi shi kullum, a yi karatu da babbar murya, a yi hira. Amma jin abin da ba a fahimta ba hayaniya ce. Ɗan birni da ke jin Turanci a gida da talabijin yana da inda zai cike gurbi. Ɗanmu yana tashi daga makaranta zai wuce gona, lokacin ɗiban tumatir ko korar tsuntsaye daga shinkafa ma yakan yi kwanaki bai zo ba. 'Yan sa'o'in da muke da su tare da shi ba na ɓarnatarwa ba ne a kan maganar da ba ta shiga. Ruwan Tiga da kansa, tun da aka gama madatsar a 1974, bai taɓa tsallakowa gonar kowa kai tsaye ba, sai ya bi babbar magudana ya shiga ƙarama kafin ya kai kunya. Hausa ita ce magudanar da ta riga ta kai kan yaro.

Wasu kuma, yawanci masu ilimi mai zurfi, za su ce a bar yara da "informations" ɗinsu, ai Turancin Nijeriya ne, duniya ma ta karɓe shi. Gaskiya ne a Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da Kannywood, kuma abin alfahari ne. Sai dai mai duba takardar jarrabawa har gobe jan biro yake sa wa "informations", kuma masu wannan magana ba sa barin nasu 'ya'yan su rubuta ta. Sassaucin da zai rufe wa ɗan talaka ƙofar jami'a cuta ce. Haƙƙin yaro ne a koya masa daidaitaccen Turanci, ya san "information" ba ta ɗaukar "s", ya kuma san dalilin da ya sa bakinsa yake son sa mata.

Sai masu cewa matsalar malamai ce, a kore su kawai. Mun ga an gwada wannan a jihar Kaduna a 2017, inda aka ce malamai 21,780 sun kasa cin kashi 75 cikin ɗari a jarrabawar gwaji, aka sallame su. Ba za mu musanta cewa akwai abokan aiki da Turancinsu yake bukatar gyara ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Amma a duba yadda ake rabon aiki. Mai takardar NCE da ya karanta Lissafi ko Addinin Musulunci a kwaleji ana ba shi aji ya koyar da komai, har da Turanci. Mai duba makarantu in ya zo, kundin shirin darasi yake buɗewa ya ga ko an sa kwanan wata, ba ya zama ya ji ko yara sun gane. Takardun da suke sauko mana daga sama su kansu ba su tsira daga "staffs" da "equipments" ba. Ciwon da ya kama gari duka ba a warkar da shi da korar mutum ɗaya daga unguwa.

Abin da ya kamata reshe ya nema

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Kano. Gini da kujeru abin so ne, amma ta-ɓaci ta haɗa da abin da yake faruwa tsakanin bakin malami da kunnen yaro. Ina roƙon shugabannin reshenmu su ɗauki waɗannan buƙatu zuwa sama, a rubuce.

A tabbatar wa malami a fili cewa yin bayani da Hausa a darasin Turanci dabarar koyarwa ce, kada a rubuta masa ita a matsayin laifi. A hana cin tara da dukan yara saboda sun yi harshen iyayensu a harabar makaranta. A shirya horo a lokacin hutu a kan kwatanta nahawun Hausa da na Turanci, a gayyato malaman sassan Hausa da Turanci na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na jihar nan su zauna tare da mu. A ba kowace makaranta aƙalla malami ɗaya da Turanci ne fanninsa, da ƙamus mai nuna sunan da yake ƙirguwa da wanda ba ya ƙirguwa.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira kowa ba. Reshe yana iya tara malamai goma su zauna su rubuta 'yar takarda mai shafi huɗu, a jera sunaye talatin da yaranmu suka fi tuntuɓe a kai, kowane da takwaransa na Hausa da jimla ɗaya ta misali daga gona ko kasuwa, a buga a raba wa kowace makaranta a ƙaramar hukumar nan. A aji kuma, kada a koyar da suna shi kaɗai. A koyar da shi da jam'insa da jimlarsa a rana ɗaya, a kawo wake da shinkafa da albasa a ɗora a tebur, yara su taɓa su faɗa. Malam Aminu Kano da ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 bai jira an ba shi izinin kishin aikinsa ba.

Iyaye kuma, musamman iyayenmu mata da yara suka fi zama a wurinsu, kada a sa ku jin cewa rashin Turanci ya fitar da ku daga karatun 'ya'yanku. Uwar da ta zaunar da ɗanta tana tambayarsa jam'in takobi da na zobe da na jirgi, ta kuma sa shi ya faɗa mata yadda ake cewa da Turanci, ta yi mana rabin aiki. Kuma kada ku auna makaranta da yawan Turancin da yara suke rerawa a filin taro. Ku ce yaro ya rubuta muku jimla uku a kan abin da aka noma a gidanku bana, ku kai wa wanda ya iya ya duba.

Muna son ɗan Bunkure ya rubuta "three baskets of tomatoes" ba tare da shakka ba, ya tsaya gaban kowa a Abuja ko Landan ya yi magana a saurare shi. Hanyar da za ta kai shi can ta bi ta kan kwando uku da ya riga ya sani. A bar mu mu bi da shi ta nan, sannan a zo a auna aikinmu.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.